Kafen Kafsul Daga Madawa Zuwa Keita: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

Ba a noman kafe a Nijar, amma da wuya ka shiga tashar mota a Madawa, Buza ko Keita ka rasa teburin mai shayi, da gwangwanin Nescafé a gefen burodi da madara. Ɗabi'ar ta daɗe, kuma ƴan ci-rani na da hannu a cikinta. Shekara da shekaru samarin Adar ke zuwa Abijan, inda kamfanin Nestlé ke sarrafa Nescafé tun farkon shekarun 1960, inda kuma ƴan Nijar da dama suka riƙe sana'ar sayar da kafe da burodi a bakin titi.

Baƙon da ya shigo yanzu shi ne ɗan injin nan mai dafa kofi ɗaya tak cikin ƙasa da minti guda. Har yau ba kayan kowa ba ne. An fi ganinsa a otel-otel da ofisoshin Yamai, sai ɗaiɗaiku da ke biyo matafiya ko kayan gwanjo. Sai dai labarinsa ya riga shi isowa: wannan ya ce guba ne, wancan ya ce ya fi araha, masu talla kuma suna rantsuwa cewa ba ya ɓata muhalli. Bari mu ɗauki maganganun ɗaya bayan ɗaya.

Me ke cikin kafsul ɗin?

Kafsul ɗan ƙoƙo ne na alminiyam ko na roba, an zuba masa soyayyen kafe niƙaƙƙe, giram 5 zuwa 6 a irin na Nespresso, an like bakinsa don kada iska ta shiga. Injin yana huda shi, ya tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikinsa, ruwan kafe ya zubo a kofi, dusar ta tsaya a ciki. Nescafé da muka saba da shi daban ne: tun a masana'anta aka dafa shi, aka busar da ruwan har ya koma gari mai narkewa, shi ya sa ba ya barin dusa. Wani injiniyan Nestlé mai suna Eric Favre ne ya fara ƙirƙiro dabarar kafsul a 1976, aka kafa Nespresso a Suwizalan a 1986. Keurig ya fito da nasa a Amurka a ƙarshen shekarun 1990, Dolce Gusto ya biyo baya a 2006.

"Alminiyam ɗin yana narkewa cikin kafe, yana kawo ciwon daji"

Wannan ba gaskiya ba ne. An shafe cikin kafsul da wani siririn rufi da ke raba kafe da ƙarfen, ruwan kuma daƙiƙu kaɗan yake yi yana ratsawa. Abin da ke ciro alminiyam daga jikin tukunya shi ne tsami da doguwar dahuwa, kamar miyar yakuwa ko ta tumatir da ta wuni a kan wuta.

Maganar ciwon daji tana da tushe, amma tushen ya tsufa. A 1991 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa kafe cikin abubuwan da ake zargi. A watan Yunin 2016, bayan ta duba bincike sama da 1,000, ta cire shi daga wannan rukuni. A wannan zama kuma ta ja kunne kan wani abu da ya fi shafar mu: duk abin shan da zafinsa ya haura digiri 65, kafe ne ko shayi, akwai yiwuwar ya kawo ciwon dajin maƙoshi. Saboda haka mai kurɓar shayi yana tafasa shi ne ya kamata ya dakata, ya bar shi ya ɗan huce.

"Ana zuba tramol a ciki, shi ya sa yake hana barci"

A nan an haɗa gaskiya biyu ne aka haifi ƙarya. Gaskiya ne akwai samari, musamman masu aikin ƙarfi da masu kwana a hanya, da ke narka tramol cikin kafe ko shayi. Amma a bakin kofi ake wannan aika-aika, da hannun mutum, ba a masana'anta ba. Kafsul ko ledar da ke like ta fi wuyar a yi mata algus a kan abin da aka riga aka haɗa aka zuba a fulas. Wanda ke tsoro, ya sa a haɗa masa a gabansa.

Abin da ke hana barci sinadarin kafeyin ne, wanda ke cikin goro da ganyen shayi ma. Kafsul ɗaya yakan ɗauki miligiram 50 zuwa 100, ƴar ledar Nescafé mai giram 2 ma tana cikin wannan tsakanin. Kafe nau'in robusta, irin wanda ake nomawa a Kodebuwa, ya kusa ninka arabika a yawan kafeyin. A 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce miligiram 400 a yini ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. A lissafin har da goron da aka ci da shayin da aka sha.

Masu cewa maye ne, don haka haramun ne, ba su suka fara ba. A 1511 an taɓa hana shan gahawa a Makka, hanin bai daɗe ba aka janye shi, kuma tun kafin nan sufayen Yaman ke shanta don raya dare da zikiri.

Illolin da suka tabbata ba a cika ambatonsu ba. Kafe da shayi, idan an sha su tare da abinci, suna rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga gero da wake, abin lura ga mata masu ciki da yara a inda ƙarancin jini ya yi yawa. Tazarar sa'a ɗaya tsakanin tuwo da kofi tana taimakawa. Sannan ga sukari: madarar gwangwani mai kauri kusan rabinta sukari ce, kuma a kanta ake ƙara cokali biyu ko uku.

"Ya fi araha tunda ba a asarar komai"

Ƙarya ce, lissafi kaɗai ya isa ya nuna. A Faransa kafsul ɗaya na Nespresso yana kaiwa kimanin sefa 300, kafin a sa kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa. Tunda giram 5 ne a ciki, sai an tara 200 kafin a sami kilo guda, wato kilon kafe ya tashi a sefa 60,000, jika 60 ke nan. Wannan ya ninka kuɗin garin kafe na fakiti sau uku ko fiye. Mai shan kofi biyu kullum zai kashe sefa 219,000 a shekara, abin da ya zarce kuɗin injin kansa.

An ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai mai sayen wannan inji ba ya ganin hujin sai ya kai gida. Kowane kamfani da girman kafsul ɗinsa: na Dolce Gusto ba ya shiga injin Nespresso, na Keurig ba ya shiga ko ɗaya, kai, Nespresso kansa iri biyu ne da ba sa musaya. Wanda ya sami inji a gwanjo da araha, in babu mai kawo masa irin kafsul ɗinsa daga Yamai ko Kano, ya sayi kayan ado ne.

Ga kuma wuta. Waɗannan injuna suna jan wat 1,200 zuwa 1,500 lokacin ɗumama ruwa, ƙarfin da ƙaramin sola na gida, mai kunna ƙwan fitila da cajin waya, ba zai ɗauka ba. Injin da aka ƙera don Amurka yana aiki da bolt 120 ne, wutarmu kuwa 220 ce. In aka jona shi kai tsaye, ya ƙone. Inda ruwa ke barin farin ɓawo a gindin buta, haka zai riƙa toshe siraran bututun injin in ba a wanke su a kai a kai.

Kuma ba lokacin araha muke ciki ba. A watan Fabrairun 2025 farashin arabika ya haura dala 4 kowace laba a kasuwar New York, tsadar da ba a taɓa gani ba, bayan fari ya taɓa gonakin Birazil da na Biyetnam, ƙasashe biyu mafi noman kafe a duniya. A gida kuma, tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kayan da ke zuwa ta teku suka koma bin doguwar hanyar Lome da Burkina Faso.

Abin da ke gaskiya shi ne akwai hanyar rage tsadar. Tun wajen 2012 haƙƙin mallakar wasu daga cikin waɗannan ƙire-ƙire ya ƙare, a 2014 kuma hukumar hana babakere a kasuwa ta Faransa ta sa Nespresso ya sauƙaƙa wa sauran kamfanoni yin kafsul da ke shiga injinsa. Irin waɗannan sun fi sauƙin kuɗi. Wanda ya fi su duka shi ne kafsul na baƙin ƙarfe marar tsatsa, wanda mutum ke cika shi da garin kafensa, ya zubar da dusa, ya wanke, ya sake cikawa.

"Babu kafen da ya kai na kafsul daɗi"

Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Garin kafe yana rasa ƙamshinsa da sauri in ya sha iska, ballantana a zafin bazara, kafsul kuwa a like yake har ranar da za a huda shi. Kuma kofin yau da na gobe ɗanɗanonsu ɗaya, tunda inji ne ke auna ruwa da zafi.

Sauran kuwa talla ce. Lambar ƙarfi da ake bugawa a jikin kwali, 6 ko 9 ko 12, tana nuna yadda aka soya kafen da kaurinsa da ɗacinsa ne, ba ingancinsa ba, ba kuma yawan kafeyin ba. Kumfar da ke tasowa a sama matsin ruwa ne ke kawo ta, robusta mai araha ma ya fi arabika mai tsada yin ta. Sannan kafsul ɗaya irin na Nespresso galibi an yi shi ne don mililita 40, ɗan kurɓi mai ɗaci irin na Italiyawa. Wanda ya saba da cikakken kofin mai shayi zai so ya danna inji sau biyu ko uku a kan kafsul ɗaya, abin da zai fito kuwa tsararo ne mai ɗaci.

Kwanan watan da ke jikin kwali ma ana yi masa mummunar fahimta. Kafen da ya wuce wannan rana bai zama guba ba, ƙamshinsa ne ya ragu. Abin gudu shi ne kafsul da ya huje, ko ledar da garinta ya dunƙule, alamar danshi ya shiga, ko wadda ta yi watanni a rataye cikin rana a gaban shago.

Daɗi kuma ba sai da inji ba. Mutanen Senegal suna soya kafe tare da kimba, wani lokaci da kanumfari, su tace shi da ƙyalle, shi ne kafen Tuba da muridan Shehu Ahmadu Bamba suka yaɗa. Kimba da kanumfari da citta duk suna nan a kasuwar Madawa. Akwai kuma ƴar butar moka mai hawa biyu da Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933, wadda ke aiki a kan gas ko garwashi, ba ta buƙatar lantarki, ba ta barin komai sai dusa.

"An rubuta a jiki cewa ana sake sarrafa shi"

Rubutun ba ƙarya ba ne, amma "ana iya yi" daban, "ana yi" daban. Alminiyam yana narkuwa a sake ƙera shi ba iyaka. Sai dai kafin haka sai an tattara kafsul ɗin, an kai shi wurin da ke da injin raba dusa da ƙarfe. Nespresso, wanda ya kafa wuraren karɓa a ƙasashe da dama, da bakinsa ya ce abin da ke dawowa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba. A Janairun 2022 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Kanada ta sa Keurig biyan tarar dalar Kanada miliyan 3 saboda iƙirarin da ya yi kan sake sarrafa kafsul ɗinsa na roba, a Satumbar 2024 kuma hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 1.5 kan makamancin haka. John Sylvan, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro kafsul na Keurig, ya shaida wa mujallar The Atlantic a 2015 cewa wani lokaci yakan yi nadamar abin. Birnin Hamburg na Jamus kuwa tun 2016 ya hana sayen kafsul da kuɗin gwamnati.

In haka abin yake a ƙasashen da motar shara ke zuwa ƙofar gida kowane mako, me za a ce a Buza? Wani zai ce ai muna da maƙeran da ke narka gwangwanaye su zuba tukwane. Haka ne, amma alminiyam ɗin kafsul ɗaya kusan giram 1 ne, cike da jiƙaƙƙiyar dusa. Sai an fasa wajen 1,000 an wanke kafin a haɗa kilo. Ƙarshensa dai bola.

"Sabon irin yana ruɓewa ya zama taki"

Wani yana ruɓewa, amma ba a ko'ina ba. Yawancin kafsul da aka rubuta wa haka an gwada su ne a masana'antar taki, inda ake riƙe zafi kusan digiri 58 tare da danshi na tsawon makonni. Kada a ce ai ranarmu ta isa. Ƙwayoyin halittar da ke cinye shi ba sa aiki sai da laima, busasshiyar bola a watan Afrilu kuwa adana shi za ta yi. Akwai na takarda da aka yi don ramin takin gida, kamar wanda Nespresso ya fara sayarwa a Faransa da Suwizalan a 2023. Shi ma sai in da ramin da ake ba ruwa ana juyawa.

"To ashe kafsul ya fi kowane kafe ɓarna"

Wannan ma ba haka ba ne, kuma shi ne abin da zai ba mutane mamaki. A farkon 2023 masu bincike a Jami'ar Kebek da ke Chicoutimi a Kanada suka auna hayaƙi mai ɗumama duniya da kofi ɗaya ke jawowa, tun daga gona har bola. Suka tarar kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari yana fitowa ne daga noman kafen da sarrafa shi, wato taki da ban ruwa da busarwa, ba daga abin da aka ƙunshe shi ba. Don haka hanyar da ta fi cin gari ita ta fi ɓarna. A lissafinsu kafen tacewa na injin lantarki ne ya zo kan gaba a ɓarna, kafsul ya zo ƙasa da shi saboda yana auna gari da ruwa daidai, kafe mai narkewa irin na teburin mai shayi kuwa shi ya fi kowanne sauƙi, muddin ba a zuba fiye da kima ba, ba a kuma tafasa ruwan da ya wuce buƙata ba.

Amma an yi wannan awo ne a inda ake dafa ruwa da lantarki. A nan da itace da gawayi ake dafa shi. Wanda ya san wahalar da matan Keita suka sha tun daga 1984, suna jidar duwatsu da haƙa ramuka a aikin raya karkara da Italiya ta ɗauki nauyi tare da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, har aka dasa itatuwa kusan miliyan 18, ko ya ga layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Maggiya a 1975 tare da ƙungiyar CARE don kare gonaki daga iska, ya san cewa a wannan yanki ma'aunin farko shi ne itace. Cika buta a hura mata wuta don kofi ɗaya asara ce. Babbar butar mai shayi da ke shayar da mutane da yawa a wuta ɗaya ta fi tattali, haka ma murhun Mai Sauƙi ya fi na duwatsu uku.

Kafe mai narkewa ma yana da nasa laifin, wato ƴar ledar. An yi ta ne da roba da alminiyam a manne, ba mai iya raba su, ba ta ruɓewa, ƙona ta kuma hayaƙi ne mai cutarwa. Makiyaya da mahauta sun san abin da leda ke yi a tumbin akuya. Tun Nuwambar 2014 Nijar ke da dokar hana ledoji marasa kauri, amma kowa na ganin abin da ke maƙale a ƙayoyin bayan gari. Gwangwani mai giram 200 daidai yake da ƴan leda 100 masu giram 2, kuma in ya ƙare ba a rasa abin zubawa a ciki.

"Dusar kafe takin albasa ce"

Da gaskiya a ciki, amma kaɗan. Dusar tana ɗauke da naitirojin kimanin kashi 2 cikin ɗari, sai dai in aka zuba ta ɗanya a kan irin da bai yi ƙwari ba tana iya tauye shi. A haɗa ta da kashin dabbobi a ramin taki ta ruɓe tukuna. Kuma dusar gida ɗaya ba za ta ciyar da ko fangali guda a kwarin Tarka ba.

Abin yi

Wanda ba shi da inji bai rasa komai ba. Ya sayi gwangwani maimakon leda in aljihu ya yarda, ya rufe shi da kyau a inuwa, ya auna cokali ɗaya, ya dafa ruwan da zai sha kawai, ya rage sukari. Mai son ɗanɗanon kafen gaske ya nemi gari da ƙyallen tacewa ko butar moka. Wanda inji ya riga ya shigo hannunsa, ko ofis ne ko gida, ya nemi kafsul na ƙarfe mai sake cikawa, don shi kaɗai ne ya haɗa sauƙin kuɗi da zaɓin ɗanɗano da rashin shara.

Mai niyyar saye kuwa, kafin ya miƙa kuɗi ya yi wa mai kaya tambaya uku: wutar da nake da ita za ta ɗauke shi? A ina zan riƙa samun kafsul ɗinsa, kuma nawa kilo ke tashi? In na gama sha, wa zai karɓi ƙoƙon? Ganyen da aka zana a jikin kwali don nuna ba ya ɓata muhalli alkawari ne da aka yi wa mutanen wata ƙasa mai motar shara da masana'antar taki. Matuƙar tambaya ta uku ba ta da amsa a Madawa, Buza da Keita, to alkawarin bai shafe mu ba tukuna.